Filashin Ƙarya

"Cire hannunka daga nan!"

Rashid, ma'aikacin sashen hoto, ya janye yatsansa daga maɓallin kamar wanda ya taɓa garwashi. Barira ta ture kujera gefe, ta durƙusa gaban babbar kwamfutar sashen hoto, wadda a cikinta ake ajiye hoton cikin jikin kowane maras lafiya da ya shigo asibitin. Allon ya yi baƙi ƙirin, sai wasu layukan farin rubutu da suka ƙame a tsakiya.

"Sau nawa ka kashe ka kunna?"

"Sau biyu, Bashmuhandisa. Ko uku."

"Uku! Innalillahi. Me ka yi mata kafin ta tsaya?"

"Wallahi abin da nake yi kullum. Wani dattijo ya zo karɓar hotonsa, na ɗauko filash a kwali na soka don in kwafa masa. Shi ke nan."

Ta leƙa bayan kwamfutar. Ga shi nan a soke, ɗan ƙaramin filash shuɗi. Ta zare shi ta riƙe a tafin hannu, ta riga ta san abin da ya faru. Wata uku ke nan da saninsa.

Shekara shida Barira Almahdi tana kula da kwamfutocin wannan asibiti mai zaman kansa a tsakiyar Khartoum, ita kaɗai, kowa na kiranta Bashmuhandisa, wato babbar injiniya. Wata uku da suka wuce ta karanta sanarwa cewa an gano ɓaraka a can cikin zuciyar tsarin da ke tafiyar da irin wannan kwamfuta. A ciki akwai wani ɗan shiri da masu sana'ar ke kira direba, aikinsa karɓar duk wani abin ajiya da aka soka. Da an soka filash sai direban ya tambaye shi ko shi wane ne, kuma girmansa nawa. Kuskuren shi ne duk amsar da aka ba shi yarda yake yi, ba ya aunawa. In filashin ya yi masa ƙarya, sai ya juye bayanai inda ba wurinsu ba, kamar mai juye bokiti a kofin shayi, abin da ya malala ya jiƙa duk abin da ke kusa. Mugun mutum zai iya bi ta nan ya ƙwace kwamfutar ɗungurungum. An fitar da facin da zai toshe ɓarakar tuntuni. Awa biyu kawai take buƙata a kashe na'urar ta liƙa shi.

Ta gwada kunna kwamfutar daga nata faifan. Abin da ya malala ya faɗa kan jadawalin babban faifai, wanda ke nuna inda kowane hoto yake. Hotunan shekara huɗu suna ciki, amma babu sauran abin da ya san inda suke.

Ba ta ƙwanƙwasa ƙofar ofishin darakta ba. Dakta Wa'il yana zaune ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, kofin gahawar jabana a gabansa, waya a kunne. Ya ɗaga mata hannu ta jira. Ba ta jira ba, ta dangwara takarda a kan teburin har cokalin ya yi ƙara.

"Ka gane wannan, Dakta? Ga kwanan wata. Ga sa hannunka a ƙasa. Karanta abin da ka rubuta da jan biro."

Ya ajiye wayar. "Ki rage murya, Barira."

"Ka rubuta, 'Na'ura tana aiki, ba a gyaran abin da bai lalace ba.' Awa biyu na roƙa! Na ce ko ranar Juma'a. Ka ce Juma'a ma akwai marasa lafiya. To yau ga ta nan, ta tsaya, sai ka gaya wa marasa lafiyan."

"Ina ajiyar ta biyu? Ba aikinki ba ne ki riƙa kwafe komai a wani faifan?"

Ta yi wata dariya mai ɗaci. "Faifan ajiya? Wanda ka sa aka cire watan jiya aka kai wa kyamarorin bakin ƙofa, don ka ga nas ɗin da ke makara? Shi kake tambaya?"

Fuskarsa ta canza. Ya gyara zama, ya yi magana a hankali, da irin Larabcin da yake yi wa iyalan mamaci.

"Ni likita ne, ba makanikin kwamfuta ba. Ana biyanki don irin wannan kada ta faru, ta kuma faru. Masu asibitin za su zo gobe da safe, za su tambayi wanda ke da alhaki. In kin gyara kafin nan, alhamdu lillahi. In ba ki gyara ba, ni ba zan iya kare ki ba. Da ma ana ta ce mini me ya sa na ɗora wa mace ɗaya wannan nauyi."

Ta ɗauke takardarta ta fita, ta bar masa ƙofar a wangale don sanyin ya tsere.

A baranda, kan bencin ƙarfe, wata tsohuwa na kishingiɗe cikin farin mayafin tobe, ta dafe gefen cikinta. Wata mata ta miƙe daga kusa da ita ta tare Barira. Ta fara da Larabci, da idonta ya sauka kan sunan da ke maƙale a ƙirjin Barira sai ta juya harshe zuwa Hausa.

"Ke tamu ce? Alhamdu lillahi. Sunana Amna, daga unguwar Hajj Yusuf muke. Wannan mahaifiyata ce, Hajja Fatna. Gobe ƙarfe takwas za a yi mata aiki, akwai ƙari a hanjinta. Yanzu likitar tiyata ta ce ba ta ga hoto ba, kuma ba za ta yanka a makance ba. Aka ce ke ce mai na'urar."

"A sake ɗaukar wani mana."

"Sun ce ba zai yiwu ba. Ruwan nan da ake ɗura wa mutum kafin hoto ya taɓa mata ƙoda, kwana tara ke nan ba ta gama farfaɗowa ba. In aka sake, ƙodar za ta tsaya. In aka jira, ƙarin ba ya jira." Ta buɗe jaka da sauri. "Amma ai sun ba mu namu a wannan abin. Ga shi. Na ɓoye shi cikin Alƙur'ani tun ranar."

Filash shuɗi ne, irin wancan sak.

Barira ta kai shi ɗakinta, wani ɗan lungu ƙarƙashin matakala. Ta soka a kwamfutarta ta hannu, wadda ta riga ta yi wa faci. Sunayen hotunan suka fito reras, ɗari uku da goma sha biyu. Ta buɗe na farko, babu komai. Na hamsin, babu komai. Ta sa shirin awo ya auna filashin. A jikinsa an buga gigabait sittin da huɗu, haka kuma yake faɗa wa duk kwamfutar da ta tambaye shi. Gaskiyar cikinsa ba ta kai rabin gigabait ɗaya ba. Duk abin da aka zuba masa fiye da haka sai ya karɓa ya ce ya ajiye, alhali ya zubar.

Ta aika aka kawo mata kwalin daga sashen hoto. Ta gwada biyar, huɗu na ƙarya. Sai ta juya kwalin. Ba ta buƙatar karanta hatimin da ke gefe, don ita ta zana shi da hannunta shekara biyu da suka wuce: Ado Almahdi, Kayan Waya da Kwamfuta, Kasuwar Libiya, Umdurman. Wanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta kawo shi asibitin, ta ce a riƙa saye a wurinsa, mutum ne mai amana.

Ta daɗe a zaune tana kallon hatimin. Sannan ta tuna aikin da ke gabanta. Ba a taɓa faifan da ya ji ciwo sai an kwafe shi kaf a wani, don kuskure ɗaya zai ƙarasa shi. Tana buƙatar sabon faifai babba, kuma a asibitin nan sai takarda ta yi kwana uku tana yawo kafin a sayi ko da linzamin kwamfuta. Ta kulle ɗakin babbar kwamfutar, ta jefa makullin a jaka.

"Hajja, ki yi haƙuri," ta ce wa tsohuwar a kan hanyar fita. "Zan je Umdurman in dawo."

Hajja Fatna ta buɗe ido. "Allah ya kai ki, 'yata. Ki sha ruwa, rana ta yi."

Rana kuwa ta yi. A tashar Jakson ta kutsa cikin hafila, bas ɗin haya mai zuwa Kasuwar Libiya, ta sami rabin kujera kusa da taga. A bakin gadar Fitihab motoci suka cushe, suka yi minti arba'in ba motsi. Kwandasta na ta kaɗa yatsu yana neman kuɗin mota, wani fasinja na zagin direba, direba na zagin mai raksha, keken nan mai ƙafa uku. Barira ta zuba wa kogin Farin Nilu ido ba tare da ta gan shi ba. Tana ta shirya maganar da za ta faɗa wa Ado, kowace ta fi ta baya zafi.

Shagonsa na cikin layin masu kayan lantarki, inda rumfunan kwano suka haɗe sama har rana ba ta sauka ƙasa, sai zafinta. Ta same shi zaune bakin ƙofa da maƙwabtansa biyu, sun kewaye kwanon dafaffen waken da ake kira ful, ya naɗe hannun jallabiya. Da ya gan ta ya washe baki.

"A'a, Bashmuhandisa da kanta! Bismillah, zo ki sa hannu."

Ta zazzage filash biyar a kan tiren abincin, ɗaya ya faɗa cikin man ful ɗin.

"Yaya Ado, nawa ne girman wannan?"

Maƙwabtan suka dubi juna, suka tsame hannu, kowa ya tuna yana da ciniki. Ado ya miƙe ya ja ta cikin shago.

"Ke wace irin mace ce? A gaban mutane? Ni sa'anki ne?"

"Na ce nawa ne girmansa?"

"Abin da aka rubuta a jiki mana."

"Ƙarya kake yi!"

Tunda aka haife ta ba ta taɓa faɗa masa haka ba. Shi ya riƙe gidan bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya riƙa kai ta jami'a a bayan babur. Ya ɗaga hannu kamar zai mare ta, sai ya sauke, ya goge man ful a jikin tsumma.

"To, ba su cika ba. Sai me? Duk layin nan wa ke sayar da cikakke a wannan farashin? Mutane waƙa suke zubawa da hoton biki. In ya ɓata su dawo in canja musu."

"Asibiti na kai ka, Yaya, ba gidan biki ba! Akwai tsohuwa kwance a kan benci yanzu haka, sa'ar Inna, daga Hajj Yusuf. 'Yarta ta ɓoye filashinka cikin Alƙur'ani kwana tara, ta ɗauka hoton cikin uwarta ne a ciki. Iska ce a ciki! Wani filashin naka kuma ya rusa mini na'urar gaba ɗaya. Da sunana ka shiga wurin nan. Da sunan Baba!"

"Kada ki sako Baba a nan." Muryarsa ta yi ƙasa. "Kuma kafin ki gama cinye ni, je ki tambayi daraktanku. Da farko masu kyau nake kai muku. Shi ya kira ni da kansa bayan Ramadan ya ce sun yi tsada, in nemo masu sauƙi. Na ce masa, Dakta, masu sauƙin nan ba su cika ba. Ya ce hoton asibiti ɗan mitsitsi ne, zai shiga. Ga saƙonsa nan a wayata, ban goge ba."

Ya miƙa mata. Ta karanta sau biyu. Ta tura saƙon zuwa tata wayar.

"Kai ka sani, shi ya sani. Ni kaɗai ce jaka."

"Barira..."

"Ba ni faifai mai terabait huɗu. Na gaske. A gabanka zan auna shi."

Ya hau kan kujera ya sauko da shi daga can saman kanta, cikin ledarsa. Ta zauna a ƙasa ta auna, yana tsaye a kanta. Da ta miƙe za ta fita ya riƙo bakin mayafinta.

"In sunana ya fita, na gama a kasuwar nan. Ki tuna da 'ya'yana."

Ta fizge mayafin ta tafi.

La'asar ta yi kafin ta koma Khartoum. Kwafewar kaɗai ta ci awa biyu da rabi, wuta ta ɗauke sau ɗaya, janareta ya karɓa, ta riƙe numfashi har ta ga layin ya ci gaba da tafiya. A wannan zaman jiran ne fushin ya juyo kanta. Kwali nawa ya shigo daga shagon Ado ba ta taɓa auna ko ɗaya ba, don na wanta ne? Kuma makullin ɗakin nan a jakarta yake kwana. Juma'a goma sha biyu ta wuce tun ranar da Wa'il ya yi mata jan biro. Da ta shigo da sassafe ta liƙa facin, wa zai sani? Amma ta ji haushi, ta ninke takardar ta adana a fayil, ta ce bari ya gani da idonsa. To ya gani. Sai dai ba a jikinsa abin ya sauka ba.

Da kwafin ya kammala ta sa shirin tono ya bi faifan daga farko, yana tsinto duk abin da ya yi kama da hoton asibiti. Kowane hoto na ɗauke da sunan mai shi a cikinsa, wannan ne ya cece ta. Suka riƙa fitowa a hargitse, ƙafar wani, kan wata, ƙirjin jariri. Ta rubuta sunan Fatna Zubairu ta jira. Ana kiran isha'i a masallacin bayan asibiti adadin ya tsaya a ɗari biyu da casa'in da takwas. Goma sha huɗu sun tafi.

Ta kira likitar tiyata, wadda ta sauko da kayan aiki a jikinta, ta zauna ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, ta koma baya, ta sake bi.

"Waɗanda suka ɓata na ƙasan ƙugu ne," in ji ta. "Ba can zan shiga ba. Ga ƙarin nan, ga jijiyar. Zan yi aikin."

Amna ta rungume Barira a baranda tana kuka tana sa albarka, Hausa da Larabci a cakuɗe. Barira ta tsaya kamar itace. A lissafin da ta yi, kusan kashi ɗaya cikin biyar na hotunan shekara huɗu ba za su dawo ba, kuma masu su ba su sani ba tukuna.

Dakta Wa'il ya aiko a kira ta. Wannan karon har ya miƙe ya ja mata kujera.

"Bashmuhandisa! Na san za ki iya. Wallahi na faɗa musu babu kamarki." Ya turo mata takarda da biro. "Rahoton gobe ne, na sauƙaƙa miki. Wutar lantarki ta yi tsalle, faifai ya lalace, injiniyarmu ta yi namijin ƙoƙari ta ceto mafi yawa. Wa zai yi musu? A ƙasar nan wuta ta kashe abin da ya fi faifai. Ki liƙa facinki yau, a kwashe kwalin nan a zubar, khalas, shi ke nan."

"Waɗanda suka tafi gida da filashin fa?"

"In sun dawo a ba su haƙuri." Ya dube ta ta saman tabarau. "Na ga hatimin da ke jikin kwalin. Ba na son a ja sunan ɗan'uwanki, mutumin kirki ne. In aka fara tono, kin san ba a kaina zai tsaya ba. Ke kika kawo shi."

Barira ta karanta rahoton har ƙarshe. An rubuta shi da kyau, har da yabonta a sakin layi na biyu. Ta ajiye biron a kan takardar ba tare da ta cire murfinsa ba.

"Zan rubuta nawa, Dakta. Za ka same shi da safe, tare da masu asibitin."

"Ki yi tunani, Barira."

"Tun azahar nake yi."

A ɗakinta na ƙarƙashin matakala ta fara liƙa facin. Minti goma sha tara ya ɗauka, har da kashewa da kunnawa. Sannan ta buɗe sabon shafi ta rubuta abin da ya faru bi da bi: ɓarakar direban, takardar jan biro, faifan da aka kai wa kyamara, saƙon da ke wayar Ado. Ta sa sunan Wa'il. Ta sa sunan Ado, yatsunta suka tsaya a kan madannai na ɗan lokaci kafin ta ƙarasa sunan mahaifinsu a bayansa. A ƙarƙashi ta sa nata, da abu biyun da ba ta yi ba.

Wayarta ta yi ƙara. Inna ce, daga gida. Ado ya riga ya isa ke nan. Ta bar ta tana ruri har ta gaji ta yi shiru.

Ta je wurin masu karɓar baƙi ta ce a ba ta rajistar sashen hoto tun daga bayan Ramadan. Mutum ɗari da arba'in da bakwai ne aka ba filash. Wasu sun tafi da shi garin Madani, wasu Alƙahira neman magani, suna riƙe da shi kamar abin kirki. Ta jawo wayar asibitin gabanta, ta ɗora yatsa a kan layin farko, ta buga lambar.

"Salamu alaikum. Gidan Hussein Abdullah ne? Sunana Barira Almahdi, daga asibiti nake kira. Filashin da muka ba ku, don Allah kada ku yi tafiya da shi tukuna."